Idan Dalma Ta Shiga Gari: Yadda Masu Bincike Da Mutanen Gari Za Su Yi Aiki Tare

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, irin waɗanda kuke gani da akwatin sanyi ranar rigakafi. A shekarar 2010, lokacin da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, aka haɗa ni da ayarin masu bincike a matsayin tafinta. Turancina daidai gwargwado ne. Abin da ya sa aka riƙe ni shi ne ni mace ce, ina wuce zauren da aka rubuta "Ba shiga" da gawayi, inda injiniya namiji, ko digirinsa nawa, nan zai ja birki. Yanzu ɗalibai masu shirin zuwa ƙauyukan haƙar zinare suna yawan tambayata ta ina za su fara, wasu kuma 'yan garin ne da baƙi suka sauka musu da na'urori. Duka biyun nake yi wa wannan bayani.

Ga abin da ya faru a taƙaice. Farashin zinare ya tashi, mutane suka koma haƙa. Dutsen da ake samu a yankin yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi gida a buhuna, a farfasa da guduma, mata su daka a turmi, a kai injin niƙa irin na hatsi, sannan a wanke a kama zinaren da zaiba. Ƙurar ta baje a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da ke zagayen neman masu sanƙarau suka tarar da yara suna amai, suna jijjiga, suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai ba. Sai da aka aika jini Turai aka gano gubar dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, binciken da aka yi tare da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ya nuna cewa cikin shekara guda, ɗaya daga kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu.

Abu ɗaya nake so kowa ya riƙe kafin mu shiga aiki: dalma ba ta ruɓewa. Damina ba ta wanke ta, rana ba ta ƙone ta, shara kuwa tayar da ita take yi. In ta zauna a ƙasar gida, tana nan har jikoki, sai in an kwashe ta. A jiki ma haka take. Ta bar jini ta koma ƙashi ta yi shekaru, ranar da yarinya ta girma ta yi ciki, ta fito ta isa ga ɗan tayi. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a kira lafiya lau.

Ku fara da zaure, ku bar na'ura a mota

Ranar farko ta gaisuwa ce. A je wa hakimi, shi ya haɗa ku da dagaci, dagaci ya kira masu unguwanni da liman. Kada ku tsallake kowa don kuna sauri, wanda aka tsallake shi zai zama ƙarfen ƙafarku. Bayan waɗannan akwai mutum uku da takardun ofis ba sa ambata: shugaban masu haƙa, mai injin niƙa, da ungozoma. Na farkon shi matasa ke ji. Na biyun ya san gidan da ke kawo dutse da gidan da ke kawo dawa. Ungozoma kuwa ta san kowane jariri da aka haifa da wanda ya koma.

A wannan zaman akwai tambayar da ke cikin kowa, ba wanda zai furta: za ku hana mu haƙa? Ku amsa ta tun ba a yi ba. Na ji wani dattijo ya ce wa shugaban ayarinmu, "Ranka ya daɗe, gero sau ɗaya yake zuwa a shekara, dutse kuwa kullum." Wanda ya ce wa irin wannan mutum ya daina, ya koya masa ɓoyewa ne kawai. Dutsen zai bar tsakar gida ya koma ƙuryar ɗaki, ƙarƙashin gadon da jariri ke kwana. Abin da za ku nema shi ne a fitar da aikin daga cikin gari, kuma ku faɗi haka a fili, a gaban liman, don ya maimaita ranar Juma'a da bakinsa.

Kada ku yi alkawarin rijiya, ko asibiti, ko aikin yi, in ba a hannunku suke ba. Mutanen ƙauye ba sa manta alkawari.

Taswirar gari a bakin mata take

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu bincike suna zuwa da tsarin auna gida: tsakiya, kusurwa huɗu, bakin ƙofa. Tsarin yana da kyau, amma bai san tarihin gidan ba. A wani gida an auna tsakar gida, lambar ta fito da sauƙi, har mun fara naɗe kaya. Uwargida ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, ba nan ake dakan ba. Zo ki gani." Ta kai ni bayan rumbu, wani ɗan lungu mai inuwa inda amarya ke daka dutse da rana, kuma nan ne yara ke taruwa saboda sanyin wurin. Da aka ɗora na'ura, injiniyar da ke tare da ni ta sake aunawa har sau uku, ta ɗauka na'urar ce ta lalace.

Don haka kafin a auna, mace ta shiga ta zauna a tabarma, ta sha ruwan da aka ba ta, ta yi tambayoyi a hankali. A ina ake ajiye buhunan dutse? Turmin dutse daban yake da na hatsi, ko ɗaya ne? Wane inji ake kai niƙa? Ina ake shanya gari? Buhun da ya ɗauko dutse, an zuba masa gero daga baya? Ƙasar da aka yi tubalin ɗakin nan da yaɓensa, daga wane kududdufi aka ɗebo ta, kuma ana wanke dutse a can? Maigida in ya dawo daga daji, a ina yake tuɓe kaya, wa ke wankewa, kuma yana ɗaukar yaro kafin ya yi wanka? Ku tambayi kwalli ma. Tozalin dutse da ake sa wa jarirai a ido, galibinsa dutsen dalma ne. Wannan maganar tana buƙatar lallami, domin kaka ce ke sa shi, ita ma kakarta ta sa mata.

Sai batun ƙidayar yaran da suka rasu, inda baƙi suka fi yin ɓarna. Takardar tambaya tana cewa a tambayi uwa 'ya'yanta nawa suka mutu. Ba a yi wa Bahaushiya wannan tambayar kai tsaye. Da yawa ba sa ƙirga 'ya'yansu a baki, ɗan fari kuwa ko sunansa ba sa kamawa saboda alkunya. In kika tambaye ta haka, za ta sunkuyar da kai, ki rubuta sifili, lissafinku ya tashi a banza. Ki fara da gaisuwar rashi. Ki ce "waɗanda suka koma". Mafi kyau, ki tambayi kakar yaran ko abokiyar zama, sannan ki gwada abin da kika ji da abin da ungozoma da liman suka sani, tunda shi ke yin sallar jana'iza.

Awo da jini

Na'urar auna ƙasa, wadda ake kira XRF, siffar bindiga gare ta, don haka a nuna wa maza ita a zaure kafin ta shiga gida. A ɗora ta a ƙasar da aka san mai tsabta ce, a ɗora a garin dutse, kowa ya ga bambancin lamba da idonsa. Haskenta irin na hoton ƙashi ne, ba a saita ta a jikin mutum, kuma a kori yara gefe.

Lambar da take bayarwa kashi kaza ne cikin miliyan, kuma wannan ba ya shiga kunnen kowa. Ni da buhu nake bayani. Ma'aunin da aka yi aiki da shi a lokacin, wanda aka aro daga Amurka, shi ne 400 cikin miliyan. A buhun ƙasa mai kilo 100, giram 40 ke nan, abin da bai cika tafin hannu ba. A wasu wuraren niƙa a Zamfara an samu sama da 100,000 cikin miliyan. Buhu tiya 40 ne, to nauyin tiya huɗu a cikinsa dalma ce zalla. Duk inda na faɗi haka, sai wurin ya yi tsit.

Jini kuwa sai an yi taka-tsantsan. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma kowa ya san yadda rigakafin shan inna ya tsaya a wasu jihohi a 2003 saboda zargi. Wanda ya ce "me za ku yi da jinin ɗana?" tambaya ya yi mai ma'ana, a ba shi amsa. A nemi izinin uba da na uwa, kowanne daban, da Hausa. In takarda ce a karanta musu ita duka kafin a dangwala. Wanda ya ƙi, a rabu lafiya, sau da yawa shi ne zai kawo ɗansa da kansa bayan kwana biyu.

A wanke hannun yaro da sabulu sosai kafin a tsaga yatsa, domin ƙurar da ke kan fata kaɗai tana iya ɗaga lamba. Ƙaramar na'urar da ake zuwa da ita ƙauye tana tsayawa a 65, wato maikrogiram 65 a kowace desilita ta jini. A farkon aikin Zamfara yara da yawa sun wuce ma'auninta gaba ɗaya. Daga 45 zuwa sama ake maganar ba da maganin fitar da dalma, kuma sai an tabbatar da jinin jijiya. Wannan hukuncin likita ne, ba na tafinta ko ɗalibi ba.

Ku mayar wa mutane sakamakonsu

A nan nake da ƙorafi. Bayan mu, wani ayari daga wata jami'a ya zo wani ƙauye, aka roƙe ni na raka su. Suka ɗebi ƙasa, suka ɗebi jinin yara, suka ɗauki hotuna, suka ce mako biyu. Shekara ta zagayo shiru. Su sun tafi, ni ce ake gani a kasuwa. Wata uwa ta tare ni ta ce, "Malama, jinin yaron nan fa? Ko an sayar ne?" Ban da abin ce mata. Ayarin da ya biyo bayansu, masu aikin gaskiya, sai da suka sha wahala kafin a buɗe musu ƙofa.

Sakamakon yaro na iyayensa ne, a kai musu har gida, a asirce, a rubuce kuma a baki, tare da abin da za su yi gobe da safe. Kada a karanta sunaye a dandali, gidan da aka ce ya fi kowa guba sai a fara gudun 'ya'yansa. Sakamakon gari kuma a kai wa dagaci da jama'a kafin a kai shi taro a Abuja ko a buga a mujalla. In babu kuɗin dawowa a kasafinku, kada ku ɗebi jinin kowa.

Ku kuma mutanen gari, haƙƙinku ne ku yi tambaya kafin ku miƙa hannun yaro. Wa ya aiko ku? Yaushe za mu ji sakamako, kuma daga bakin wa? In aka samu yaro da guba, wa zai yi magani, a ina? Za a koya wa 'ya'yanmu aikin, ko kallo za mu yi? Dagaci ya sa a rubuta amsoshin, a karɓi lambar waya, a kira ta nan take a gani ko tana shiga.

Jeri uku da ba a sauya wa tsari

Da farko a fitar da daka da niƙa daga gari. Na biyu a kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Na uku magani. Yaron da ke jijjiga ba ya jiran wannan jeri, asibiti za a kai shi nan take, amma ba za a mayar da shi gidan da ba a gyara ba. Uwa tana son a fara da magani, kuma ba ta yi laifi ba. Sai a yi mata bayani: maganin, wanda ake kira DMSA, ƙwaya ce da ake sha na makonni, tana kama dalma ta fitar da ita ta fitsari. In yaro ya sha ya koma rarrafe a ƙasa ɗaya, an gudu ba a tsira ba. Shi ya sa a farkon lamarin aka riƙe yara da iyayensu mata a asibitocin Anka da Bukkuyum har a gama gyaran gidajensu. A kuma faɗa wa iyaye gaskiya cewa magani yana ceton rai, amma ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa.

Gyaran ƙasa, wanda injiniyoyin kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranta tare da ma'aikatan muhalli na jiha, aikin fartanya ne da shebur da baro. Ana fitar da kayan ɗaki a wanke. A kankare saman ƙasa kamar santimita 5, faɗin yatsu uku ke nan, a sake aunawa. In lamba ba ta sauka ba a ƙara kankarewa. A zuba a buhuna, a kai ramin da aka tanada a wajen gari, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a binne. Sannan a kawo sabuwar ƙasa, ita ma sai an auna ta tun a inda za a haƙo, a shimfiɗa a daɓe. Inda abin ya yi yawa a cikin ɗaki, a sa siminti.

'Yan garin ne ya kamata su yi aikin, a biya su. Da ɗan gari akan ci gari: su aka yarda su shiga gidajen 'yan uwansu, kuma saurayin da ya kwashe ƙasar gidansu da hannunsa shi ne zai yi faɗa in ya ga an sake shigo da dutse. A ba su takalman roba da abin rufe hanci, su yi wanka su sauya kaya kafin su koma gida. A shirya da maigida ranar da mata za su koma maƙwabta, saboda kulle. A kuma lura da kalanda. Da ruwa ya sauka, hanya ta yanke, maza sun tafi gona. Ramin da aka binne ƙasa a yi masa alama, dagaci ya sani, masu yin tubali su sani. In ba haka ba bayan shekara biyar wani zai ga fili ya haƙa.

Ta wannan hanya aka gyara Dareta da 'Yargalma a 2010, sannan Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru zuwa 2011.

In kuɗi ya maƙale

Bagega, wani gari a yankin Anka, ta fi sauran girma, kuma ita ta daɗe tana jira. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗin bai fito ba, likitoci kuma ba za su fara magani a garin da ba a gyara ba. Abin da ya motsa lamarin haɗin gwiwa ne: alƙaluman masu bincike, muryar mutanen garin, da matasa irin su Hamzat Lawal na ƙungiyar bin diddigin kuɗin gwamnati ta Follow The Money da suka yi ta yayata maganar a intanet, tare da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch. A watan Janairun 2013 shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin, aka gyara Bagega a wannan shekarar. Saboda irin wannan rana nake cewa gari ya riƙe kwafin sakamakonsa. Dagacin da ya je ofis da takarda mai lamba, ba a sallamarsa da "za a duba" cikin sauƙi.

Bayan baƙi sun tafi

Gidan da aka gyara yana iya sake gurɓata cikin damina ɗaya. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu a Shikira da kewaye. MSF ta yi fiye da shekara goma a Zamfara, ta gwada yara sama da 8,000, kafin ta miƙa aikin ga jiha a 2022. Rashin tsaro kuma ya sa ƙauyuka da dama ba sa shiguwa ga baƙo, don haka abin da aka bari a hannun 'yan gari shi ne abin da ya rage.

Kafin ayari ya tashi, a zauna da masu haƙa a tsara wurin aiki a wajen gari. A riƙa fesa ruwa a bakin inji don ƙura ta kwanta. An gwada wannan tare da masu haƙa a arewacin Najeriya kuma ƙurar dalma ta ragu ƙwarai. A yi wurin wanka da rataye kayan aiki a can, kayan daji su kwana a daji. Injin dutse daban, na hatsi daban, a shafa wa na dutsen jan fenti. Mai ciki da mai goyo da yara kada su je wurin, har da masu tallar abinci, waɗanda kowa ke mantawa da su: yarinya ta kai fura wurin niƙa, ta dawo da ƙura a zane da faifai, ta goya ƙaninta. A sama musu rumfa nesa da inji, ta inda iska ba ta kaɗo ƙura.

A cikin gida, a yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannun yaro kafin ya ci, a zaunar da mai rarrafe a tabarma. Abinci mai gina jini da ƙashi, irin su wake, zogale, nono da ƙwai in an samu, yana rage yawan dalmar da hanji ke zuƙa.

A ƙarshe a zaɓi mutum biyu a kowace unguwa, mace da namiji, a koya musu alamomin: yaro ya daina wasa, ciwon ciki, amai, yawan kuka, ko jijjiga ba tare da zazzaɓi mai zafi ba. A ba su lambar asibitin da zai karɓa, da ɗan littafin rubuta gidan da aka ga buhun dutse ya shiga. A unguwar da na fi sani, uwargidan nan da ta kai ni bayan rumbu aka zaɓa. Ba ta karatun boko, da ajami take rubutawa, jikanta ke kai wa dagaci littafin duk ranar kasuwa.